Nomau da Lasifikar Waƙar Auren Laure

A garin Tsaunin Kanya, can bayan mahauta, akwai wani gida mai ɗaki uku da zaure. Mutum uku ne a cikinsa: Ilu, da matarsa Ladidi, da ƙanensa Nomau. Ilu sana'arsa haɗa waƙa. Mawaƙi zai zo ya rera a ɗakin da ke jikin zaure, shi kuma ya zauna gaban kwamfuta ya ɗaga murya, ya sauke ganga, ya daidaita su har waƙa ta fito fes. Nomau kuwa, to, Allah ya yi shi ƙato, shekara talatin da 'yan kai, shi kaɗai yake ɗora wa kansa buhun masara. Amma magana, yadda ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Ga tsoro kamar farar kura. Kaza ta yi fiffike a bayansa sai ya yi salati.

Gidan nan ba nasu ba ne. Na Sarkin Pawa Jatau ne, ya ba mahaifinsu aro tun suna yara, bayan rasuwar tsohon kuma bai ce su tashi ba. Ba su da wani wurin zuwa a duniya, kuma kowa ya san haka.

Wata rana masifa ta zo musu biyu a mako guda. Wutar lantarki ta zo da ƙarfi ta ƙone lasifikun aikin Ilu ƙurmus, bayan kwana biyu kuma shi Ilun ya faɗi a babur ya karye a ƙafa, mai ɗori ya ce kada ya taka ƙasa sai ya yi kwana arba'in. Yana kwance sai ga Sarkin Pawa ya yi sallama, wuƙa a ƙugu, idanu jajir kamar kullum. Ya miƙa wa Ilu wata takarda ya ce, "'Yata Laure za ta yi aure, Asabar ta sama. Mawaƙi zai zo gobe. Ga sunaye goma sha huɗu, dangi ne da manya. Ka san yadda muke, wanda aka kira a waƙar biki bai ji sunansa ba an wulaƙanta shi, kuma ni aka wulaƙanta. Suna ɗaya ya nutse a cikin ganga, ku nemi gida."

Nomau na jin "ku nemi gida" sai ya zame ya shige bayan randa a madafa. Shi ya sa bai ji maganar ƙarshe ba, da Sarkin Pawa ya juyo daga bakin ƙofa ya ce, "Kuma kada wani mahaluki ya ji waƙar nan sai ranar kamu."

Wata rana, bayan mawaƙi ya zo ya rera ya tafi, Ilu ya rasa wanda zai aika birni sai Nomau. Ya zaunar da shi ya yi masa bayani dalla-dalla. "Lasifiku ƙanana guda biyu nake so, masu araha. Ba irin na gidan biki masu girgiza ƙirji ba, waɗannan komai ka sa musu daɗi yake yi, ba a aiki da su. Ka tafi da waƙar da ka fi sani a duniya, a sa maka. Kada ka sayi abin da ba ka ji waƙar a cikinsa da kunnenka ba. Ka gane?"

"Na gane, Yaya."

Kai, ina ma bai gane ba! Waƙar da Nomau ya fi sani a duniya ita ce wadda Gwaggo Tabawa ta maƙwabta take yi in tana daka, shekara ashirin yana jin ta ta kan katanga. Waƙar nan ba ta cikin waya, ba ta cikin memori, tana cikin Gwaggo. Sai ya je ya durƙusa ya ce Yaya ne ya ce ya tafi da ita birni. Tsohuwa rabonta da birni tun auren autarta, nan da nan ta yafa gyale. Suka isa shagon kayan sauti, Nomau ya gaishe da mai shago ya ce a gwada masa ƙanana masu araha da waƙarsa.

"To kawo memorin."

"Ga ta nan zaune a benci, Alhaji."

Mai shago ya dubi Gwaggo, ya dubi Nomau, ya ga yau Allah ya kawo masa nishaɗi har shago. Ya ce duk ƙananan nan ba sa karɓar tsofaffi, guda ɗaya ce ke karɓa. Ya ɗauko lasifikar hannu irin ta masu tallar maganin basir ya kara wa Gwaggo a baki. Gwaggo ta gyara murya ta saki waƙar daka, layin 'yan waya kaf suka taru suna tafi. Nomau ya ji waƙarsa da kunnensa, ya saya, ya rungumo ta har gida. Da Ilu ya gani bai yi faɗa ba, juya fuska kawai ya yi bango. Ladidi ta ce, "Saura kwana tara, Nomau." Ran nan Nomau bai iya cin tuwo ba, zaurensu kawai yake kallo kamar yau za a raba shi da shi.

Wata rana Ilu ya ce a mayar da ta masu magani a musanyo hedifon, wato abin saurare da ake kifawa a kunne, tunda shi ko a kwance zai iya aiki da shi. Ya ce, "Mai rufe kunne ruf nake so. Wanda in ka sa ba ka jin komai na waje. Ka gwada da kanka." Nomau ya koma shagon ya riƙa sawa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa mai shago ya yi ihu. Duk wanda ya sa sai ya ce, "A'a, ina jin ka, Alhaji." Mai shago ya yi ihu har muryarsa ta dishe. Da ya gaji sai ya shiga shagon maƙwabcinsa mai kayan injin niƙa, ya ɗauko abin toshe kunne na masu aiki da inji, jawur, ba waya ba komai. Nomau ya kifa. Duniya ta yi tsit. Ya ga bakin Alhaji na motsi bai ji ko ƙis ba, ya yi murmushi ya ce wannan ne.

Don kada ya ɓata a hanya, sai ya bar shi a kansa. Ya sauka a tashar Tsaunin Kanya ya biyo ta mahauta, sai ya ji an damƙi kafaɗarsa. Yana juyawa, Sarkin Pawa ne, hannu duk jini, wuƙa tsirara a ɗaya hannun, baki na ta motsi. Inna lillahi! Nomau ya tsaya ƙiƙam. Ba ya jin ko kalma ɗaya, wuƙar kawai yake gani tana hawa tana sauka tana nuna wajen gidansu. A ransa ya ce shi ke nan, labarin lasifikar masu magani ya iso, yau za a yi fatali da kayansu. Duk sanda bakin ya tsaya sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, ranka ya daɗe." Sau huɗu ya faɗa. Da aka sake shi bai tsaya ba sai ƙarƙashin gadon Ilu.

Da la'asar wani mahauci ya leƙo ya ce Sarkin Pawa na godiya, tunda Nomau ya ce ba matsala a kawo waƙa ran Alhamis maimakon Asabar, an matso da kamu. Ladidi ta dafe ƙirji ta zauna daɓas a ƙasa. Ilu ya ɗaga jan abin nan yana juya shi yana neman inda ake sa waya, da bai samu ba sai hawaye ya zubo masa. Babban mutum, a gaban matarsa. Nomau bai taɓa ganin yayansa na kuka ba, abin ya fi wuƙar ba shi tsoro.

Wata rana dai Ilu ya yi abin da ya kamata ya yi tun farko, ya nemi lambar mai shago ya kira shi da kansa, aka ba direba ƙananan lasifiku biyu, mafi araha a shagon, ya kawo. Aka ɗauke Ilu aka zaunar da shi a ɗakin aiki, aka jingine ƙafar a kan kujera. Ya kunna, ya saurara, ya taɓe baki. Ya ce ɗakin amsa kuwwa yake, ganga na dukan bango tana dawowa, ba ya bambance abin da ke cikin waƙa da abin da ɗaki ya ƙara. "Nomau, nemo min duk wani abu mai laushi da ka gani, ka rufe bangon nan da shi." Ya faɗi haka ya ɗan kishingiɗa, maganin da ya sha ya ɗauke shi.

Nomau ya fara da katifu da filo, ya haɗa da zannuwan Ladidi na shanya. Bango bai rufu ba. Ya fita yana dube-dube, sai ga fatun raguna an shanya a bayan mahauta, sun kai talatin, gashi lub-lub. Ya shafa ɗaya, ya ji ba abin da ya kai ta laushi. Ya kwashe su tas, sawu biyu, ya kafe su da ƙusa tun daga ƙasa har rufi. Wari ne ya tashi Ilu, shi da ƙudaje. Kafin ya buɗe baki sai ihu ya tashi a waje, mahauta sun fito da sanduna da adduna suna cewa ɓarawon fata bai yi nisa ba, yau sai sun ga bayansa. Suna bin sawun gishirin da ya zube daga fatun, layi ɗaya sak har ƙofar zaure.

Nomau ya ji kamar ya narke. Ya rungume ƙafar Ilu, mai ciwon ma, yana cewa, "Yaya, mai laushi ka ce, wallahi mai laushi ka ce!" Ladidi ce ta yi ta maza, ta tsaya a bakin zaure ta ce aikin waƙar Laure ne, kowa ya taɓa fata ɗaya ya je ya yi wa Sarkin Pawa bayani. Suka tsaya cirko-cirko. Can sai ga saƙo daga mahauta: a bar fatun zuwa Alhamis, amma in waƙa ba ta yi ba, a kwaso su tare da makullin gida. Abin haushi kuma, da Ilu ya toshe hanci ya sake kunnawa, amsa kuwwar ta tafi.

Wata rana, Laraba ce, da hantsi Ilu ya gama. Ya saurara sau uku, suna goma sha huɗu duk ga su nan raɗau a ƙananan lasifikunsa. Ya sa waƙar a memori ya miƙa wa Nomau, muryarsa a gajiye ya ce, "Lasifikar araha ba a yarda da ita ita kaɗai. Kafin ka kai, ka sa a wani abin daban, ka tabbata kowa ya ji sunansa." Shi nufinsa ɗan rediyon Ladidi da ke rataye a tsakar gida. Amma bai ce rediyon Ladidi ba, ko ya ce? Cewa ya yi kowa.

Nomau ya ɗauki takardar sunaye, ya sa mai shayi ya karanta masa, ya kama hanya. Gida-gida ya bi. Ya yi sallama da kawun amarya, ya sa memori a rediyonsa, ya tsaya a kansa. "Baba, ka ji sunanka?" Ya je wajen ƙanwar uban amarya ya aika a kawo wayarta. Ya je wajen mai kayan sautin da aka ɗauka don biki, wanda shi ma an sa sunansa, aka kunna a ƙatuwar lasifikarsa a bakin titi, rabin kasuwa suka ji. Kafin azahar yara na rera amshin a lungu, waƙar da aka ce kada mahaluki ya ji.

Ya dawo gida yana haki ya ce, "Yaya, takwas sun ji, biyar ba su ji ba. Mai kayan sauti ya ce shi ganga kawai yake ji tana dukan cikinsa."

Ilu ya ce, "Su wa suka ji?" Da Nomau ya lissafo masa, sai ya ɗora hannu biyu a ka. Ladidi ta shiga ɗaki ta fara zuba kwanoni a buhu. Ƙarar kwanonin nan ita ce abu mafi muni da Nomau ya taɓa ji. Can Ilu ya ce a miƙo masa rediyon Ladidi, ya sa memorin, ya saurara. Ashe gaskiya ne. Ƙananan lasifikun nan turo murya gaba suke yi su ɓoye ƙasan ganga, shi kuwa ya yarda da su ya sauke murya ya ƙara wa ganga ƙarfi. A ɗakinsa waƙa lafiya lau, a ko'ina kuma sunaye a nutse. Ya ce, "Ko za a kore mu, ba za a kore mu da aikin banza ba." Ya ja kwamfuta ya gyara. Yana cire memorin Nomau ya fizge ya fita, ana kiransa bai waiwayo ba.

Biyar ɗin nan duk suka ji. Saura suna ɗaya, na ƙarshe a takarda: Tasalla. Duk wanda ya tambaya wace ce Tasalla sai ya kama baki ya kau da kai. Wani tsoho mai goro ne ya jawo kunnensa ya raɗa masa cewa Iya ce, mahaifiyar Sarkin Pawa, kuma ba a faɗin wannan sunan a garin nan. 'Ya'yanta ba sa faɗa, surukai ba sa faɗa, har yarinyar da aka sa wa sunan ma, Iyami ake ce mata. Sarkin Pawa da kansa rubutawa ya sa aka yi, bakinsa ba zai iya ba. Shi ma mawaƙin, da ya zo kan sunan, kunya ta sa ya haɗiye rabinsa.

Kowane mai hankali a nan zai koma gida. Nomau kuwa an ce kowa. Ya tafi bayan gidan Sarkin Pawa, ya sami Iya a gindin darbejiya tana kaɗi, ɗan rediyonta a gefe. Ta haura tamanin, kunne ya yi nauyi. Ya durƙusa ya gaishe ta ya kunna. Da waƙa ta ƙare ya ce, "Iya, kin ji sunanki?"

"Me ka ce, ɗan nan?"

Ya koma gida da gudu. "Yaya, Iya ba ta ji ba." Ilu ya ce ya rufa masa asiri ya bar tsohuwa. Nomau ya ce, "Kai ka ce kowa. Kuma Sarki ya ce suna ɗaya ya nutse mu nemi gida." Ilu ya ɗaga muryar mawaƙi a wurin sunan kaɗan. Iya ba ta ji ba. Ya ƙara. Ba ta ji ba. A sawu na huɗu Ilu ya fusata, ya ɗauke ganga da kalangu gaba ɗaya daga wurin, ya bar muryar mawaƙi ita kaɗai tsirara, ya ce, "Je ka, in ba ta ji wannan ba sai dai a lahira."

Nomau na durƙushe gaban Iya waƙa na tafiya, sai inuwa ta rufe shi. Sarkin Pawa ne, ya dawo daga kasuwa inda ya tarar da masu tura baro na rera waƙar 'yarsa. Ya cakumi wuyan rigar Nomau ya ɗaga shi sama, ƙato guda, yana cewa, "Kai ne ka yi min tallar waƙa a gari? Yau ba za ku kwana a gidan nan ba!" Nomau ya runtse ido yana kalmar shahada. Daidai nan kiɗa ya ɗauke ɗif, murya ta fito ita kaɗai daga ɗan rediyon: "Tasalla, uwar gida, kakar Laure."

Mazari ya faɗi daga hannun Iya. Ta ce, "Wa ya kira ni?"

Sarkin Pawa ya saki rigar, ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

Ta ce, "Mayar min." Nomau ya mayar. Ta kara rediyon a kunne ta ji, ta sake cewa a mayar. Hawaye ya bi kumatunta. Ta ce, "Tun da uwata ta rasu ban sake jin sunan nan a bakin mutum ba. Na ɗauka an binne shi tare da ita." Sannan ta ɗago ta dubi ɗanta. "Kai, me na ji kana cewa? Wa za ka kora?"

"Iya, waƙar ce ya..."

"Gidan nan ubanka ne ya gina shi, ni na ɗebo ruwan kwaɓin. Muddin ina numfashi ba mai tashin yaran nan. Ɓace min da gani."

Ran kamu, ga janareta na ruri, ga guɗa, amma suna goma sha huɗu kowa ya ji nasa har bakin kasuwa, kuma da yake gari ya riga ya haddace amshi, da baki ɗaya aka riƙa amsawa. Ladidi ta juye kwanoninta daga buhu. Ilu ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba.

Nomau ne kaɗai hankalinsa bai kwanta ba, don shi ya ji sharaɗin da kyau. Tun daga ran nan, kullum da sassafe zai sayi koko da ƙosai ya tafi gindin darbejiya, ya durƙusa ya kara kunnensa kusa da hancin tsohuwa, yana sauraron numfashinta. Ita kuwa sai ta ja numfashi da ƙarfi don ya ji, ta ce, "Ina nan, ɗan nan. Kafin ka tafi, faɗi sunan."

Sai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya cika ƙirji ya faɗa da ƙarfi yadda za ta ji.